Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu a Zaman Nazari Kan Radiyeshon da Hanta, Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, shehun malami a fannin gashin ciwon daji da haske, a madadin iyayenmu malamai da likitoci da ɗaliban wannan sashe, ina yi maka lale marhabin da zuwa Sakkwato, Birnin Shehu. Mun san tafiyar da nisa, kuma ranar garinmu ba ta san baƙo ba. Allah ya saka maka da alheri.

Ranka ya daɗe, abin da ya tara mu shi ne ɓarnar da radiyeshon, wato hasken da ake gasa ciwon daji da shi, ke yi wa hanta a ɓoye. Tun 1906 Bergonié da Tribondeau na Faransa suka nuna cewa wannan haske ya fi illa ga ƙwayoyin halitta masu yawan rabuwa, kuma da yake ƙwayoyin hantar baligi ba safai suke rabuwa ba, an daɗe ana ɗauka cewa hanta tana da juriya. A 1931 Higgins da Anderson na Amurka suka cire kashi biyu bisa uku na hantar ɓera, sai ragowar ta girma har ta mayar da nauyinta cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Ɓangaren da aka yanke ba ya sake tsirowa. Wanda ya rage ne ƙwayoyinsa ke farkawa kusan lokaci guda, su kwafi DNA ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, kimanin awa 24 bayan tiyata, sannan su rabu.

Wannan farkawa ce ta tona asiri. Idan an haska ɓera kafin tiyata, kwafin DNA yakan yi jinkiri, rabuwar ma ta makara, ƙwayoyin da suka samu suka rabu kuma sai a gan su a ƙarƙashin maikuroskof da kuromosom ɗinsu, wato zaruruwan da ke ƙunshe da DNA, a kakkarye: wani guntu ya yi saura a tsakiya bai bi kowane ɓangare ba, wani ya manne da ɗan'uwansa ya zama gada tsakanin sababbin ƙwayoyin biyu har sai ya tsinke. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ko da watanni sun shuɗe tsakanin haskawa da tiyata, ana iske wannan ɓarna tana nan, kamar tufar da asu ya ci tana ninke a adaka, ba a sani ba sai ranar da aka warware ta. A ɓargo ko hanji, ƙwayar da ta lalace takan mutu wajen rabuwa a maye gurbinta da wuri, amma a hanta tana zaune da rauninta tana ci gaba da aiki. Howard Curtis, a ɗakin bincike na Brookhaven da ke Amurka, ya bi wannan sawu a shekarun 1960, ya ga irin waɗannan kurakurai suna ƙaruwa da tsufa ko a ɓeran da ba a haska ba.

A wajenmu wannan ba zancen ɓeraye kaɗai ba ne. Ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoksin, wadda ke fitowa daga gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, suna kawo mana majinyata da kansar hanta, yawancinsu hantar ta riga ta jigata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin 'yan cibiyoyin ƙasar nan da ke da sashen gashi, saboda haka likitan da zai gasa ƙari a cikin hanta ko kusa da ita dole ya yi lissafin lafiyayyen ɓangaren da zai tsare, domin shi ne za a nema ya girma idan an zo tiyata daga baya. Gwajin jini na iya nuna hanta na aiki lafiya, alhali ba ya faɗin ko ƙwayoyinta za su iya rabuwa in an buƙata.

Don haka, ranka ya daɗe, roƙonmu shi ne ka taimaka mana da shawara da kuma hanyar horar da matasanmu kan duba kuromosom, tare da haɗa mu da cibiyoyin da suka riga mu nisa a wannan aiki. Bayan laccarka za mu zagaya da kai ɗakin bincike, ɗalibai kuma sun tanadi tambayoyinsu. Bismillah, fili naka ne.

Wassalamu alaikum.