Afuwar Blagojevich da masu cewa surutu kawai ya yi

Masu sauraro, tun ranar 10 ga Fabrairun 2025 da Shugaba Trump ya yi wa tsohon gwamnan jihar Illinois ta Amurka, Rod Blagojevich, afuwa kan laifin neman cin hanci, ake ta nanata wata magana mai ban haushi: wai ai bawan Allahn nan ko sisi bai karɓa ba, surutu kawai ya yi a waya. Surutu?

Mutumin nan lauya ne. Ya gama karatun shari'a a jami'ar Pepperdine a 1983, ya yi aikin mai gabatar da ƙara a yankin Cook, inda birnin Chicago yake. Surukinsa Richard Mell, kansila mai faɗa a ji, shi ya riƙe masa tsani: majalisar jiha a 1993, majalisar wakilai ta tarayya a 1997, kujerar gwamna a 2003. Da alkawarin share dattin magabacinsa George Ryan ya ci zaɓe, Ryan ɗin da shi ma ya ƙare a gidan yari.

Da Obama ya ci zaɓen 2008, kujerarsa ta sanata ta zama babu kowa, kuma dokar jihar ta ba gwamna shi kaɗai ikon naɗa wanda zai hau. Hukumar FBI tana sauraron wayarsa da izinin kotu, ta naɗi muryarsa yana cewa abin da ke hannunsa zinare ne, ba zai ba da shi a banza ba. Ranar 9 ga Disamba da sassafe suka je har gida suka tafi da shi.

Ku bar ma kujerar sanata. Akwai kusan dala miliyan 8 da jiha za ta ƙara wa likitocin yara. Ya ja ƙafa a kan kuɗin don ya matsa wa shugaban asibitin yara na Chicago ya tara masa kuɗin kamfe. Ya kuma ajiye wata doka ta tseren dawaki bai sa hannu ba, yana jiran dala 100,000. Wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali yana neman a ɗaure wasu ya sani sarai cewa neman toshiya laifi ne, ko an biya ko ba a biya ba. Lauya ne fa!

Ban musa ba, ɗaurin shekara 14 da aka yanke masa hukunci ne mai nauyi. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhuma 5, ta ce neman da ya yi a ba shi muƙamin minista a madadin naɗin sanata cinikin siyasa ne da aka saba. To, sauran fa? Sun tsaya daram, kuma alƙali James Zagel, wanda ya ɗaure shi, bai rage ko kwana ɗaya ba. Trump ne ya sallame shi a Fabrairun 2020 bayan kusan shekara 8.

Masu cewa bi-ta-da-ƙulli aka yi masa, su gaya mana wa ya yi. Majalisar wakilan jiha ta tuhume shi da ƙuri'a 114 da 1. Majalisar dattawa, wadda 'yan jam'iyyarsa ta Demokrat ke da rinjaye a cikinta, ta tsige shi 59 da babu, ta kuma haramta masa riƙe muƙamin jiha har abada. A 2020 kotun ƙolin Illinois ta ƙwace lasisinsa na lauya. Afuwar shugaban ƙasa laifin tarayya kaɗai take shafewa, haramcin muƙami da ƙwace lasisi kuwa hukuncin jiha ne, alƙalamin Trump bai kai can ba.