Lacca kan kifin salmon da madatsun ruwa

Jama'a, assalamu alaikum. Abubuwa uku zan taɓo in lokaci ya bari.

Na farko, hanci. E, hanci na ce! Salmon a ƙoramar tsauni ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya juyo gida don ya yi ƙwai. Da me yake gane hanya? Da ƙamshin ruwan da ya tashi a ciki. Tun yana ƙarami, lokacin da jikinsa ke shirin shiga ruwan gishiri, yake haddace wannan ƙamshi. Ku riƙe wannan da kyau, ku na baya kuna ji na ko? To, ɗan kifin da mutane suka ƙyanƙyashe suka raina a kwamin siminti don maye gurbin waɗanda dam ya tare wa hanya, aka sake shi a bakin wurin ƙyanƙyasa, can zai koma. Ƙoramar da ke bayan dam bai san ta ba.

Kuma kifin kwami ya saba abinci na faɗowa daga sama, sai ya taso saman ruwa yana jira, tsuntsu ya sure shi. A Amurka ana yanke musu wani ɗan fiffike kusa da wutsiya don masunta su bambanta su da na daji. Masu bincike a kogin Hood sun gano cewa steelhead, ɗan uwan salmon, in daga kwami ya fito, ba ya haihuwa a kogi kamar na daji. A kogin Connecticut ma an yi shekaru ana zuba 'ya'yan kifi, a 2012 gwamnatin tarayyar Amurka ta janye hannunta.

Na biyu, ko na uku ne, dam kansa. Dam ɗin Grand Coulee na Amurka da aka kammala a 1942 ba shi da matakalar kifi, wato hanyar ruwa mai hawa-hawa da kifi ke bi ya haye dam. A wasu madatsun ana kama manyan a ɗora a tanka a haye da su, amma saukowar ƙanana ta fi wuya: tafki mai ɗumi, ga farfelar injin wuta.

Na'am, malama? A rushe dam? An yi! An cire madatsu biyu na kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014. A kogin Klamath an kammala cire huɗu a 2024, kuma a cikin shekarar salmon ya haura har jihar Oregon da kansa, babu tanka. Sai dai ba kowane dam za a iya taɓawa ba, akwai wuta, akwai noman rani. Wa ke da wata tambayar?