Atamfar China ko Shaddar Getzner: Wa Kake So Ya Shigo Shagonka?

Shiga Kantin Kwari a Kano ana saura mako biyu sallah. Ga shago cike da atamfar China har rufi, mata na ɗaga turmi suna tayawa, yaran shago ko zama ba sa yi. Matsa gaba kaɗan, ga wani mai ƙofar gilashi, shaddar Getzner ta Ostiriya a jere da atamfa 'yar Holan ta Vlisco. Mutum biyar suka leƙo tun safe, mai shagon ko a jikinsa.

Mai atamfar China ribarsa a turmi ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Juyin kuɗi ne ke riƙe da shi: a sayar, a saro, a sake sayarwa. Dabarar da masu madarar Cowbell suka shigo da ita Najeriya ke nan a 1993. Gwangwani ya fi ƙarfin talaka, sai suka ƙulla madarar a 'yar leda ta shayi ɗaya. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi farashi yake bi. Maƙwabcinka ya rage naira ɗari, gobe can za ka gan shi.

Shi kuwa Alhaji mai sayen Getzner ba ya ja-in-ja a kan kuɗi. Har da tarba yake saye: a ba shi kujera da ruwan sanyi, sabon kaya ya sauka a tura masa hoto ta WhatsApp, a kai masa har gida. In ya yarda da kai, kayan sallar iyalinsa da lefen ɗansa duk a wajenka za a haɗa. Amma fa jarinka zai riƙa kwanciya, shadda ta yi watanni a kanta. Ga bashin manya: “Turo yaro gobe.” Goben ta zama jibi, kai kuma nauyinsa ya hana ka tuni. Ranar da ya tsinci jabu guda a kayanka, ya tafi ke nan, da shi da abokansa.

Ni dai in jarinka bai kai ya jure watanni uku babu ciniki ba, fara da masu juya maka kuɗi kullum. Kada kuma ka ce za ka tauna taura biyu a shago ɗaya. Hajiya ta ga atamfar China a gefen shadda, sai ta fara zargin shaddar. Mai ɗan kuɗinta a ƙulle a bakin zane kuwa, tana hango gilashi za ta wuce gaba.