Me Ya Sa Kake Mafarkin Motar Da Ba A Taɓa Ƙerawa Ba?

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau batun mafarki za mu taɓo, irin wanda mutum kan farka yana rantsuwa cewa har warin fetur ya shaƙa.

A ce ka ga kanka cikin wata tsohuwar mota. Gabanta na Fijo 404 ne, giya a jikin sitiyari, amma bayanta ya dunƙule irin na Beetle, inji na ruri ta baya. Kai kuma daga kujerar baya kake tuƙi. A cikin mafarkin ko a jikinka, tafiyarka kawai kake. Sai da ka buɗe ido ka ce, wai wace irin mota ce wannan?

Mu fara da lokacin da abin ke faruwa. A 1953, a Jami'ar Chicago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka gano wani zango na barci da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri alhali ido na rufe. In aka tada mutum a daidai nan, galibi zai ce yana tsakiyar mafarki. Masana na kiran zangon REM. Yana dawowa kusan duk bayan minti 90, yana ƙara tsawo in an doshi asuba. Shi ya sa mafarkin goshin asuba ya fi tsayawa a rai.

A wannan zangon ƙwaƙwalwa ba hutawa take ba. Sassan da ke sarrafa hoto da tsoro da shauƙi suna aiki tuƙuru. Sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda ke auna abu ya ce wannan ba zai yiwu ba, ya yi sanyi. Hoto na zuwa garau, babu mai tantance shi.

To ina ta samo motar? A nan ne abin ya fi burge ni. Ƙwaƙwalwa ba ta ƙirƙiro komai daga babu ba. Kamar bakaniken da ya shiga wajen 'yan gwangwan take, ta ciro ƙofa nan, fitila can, ta haɗa. Tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma shekara da shekaru 504 ce motar ofis, ita ce tasi, ita ce ta ɗaukar amarya. Wanda ya taso a lokacin, ƙarar ƙofarta da zafin kujerarta da rana suna ajiye a kansa, tare da fuskar wanda ke tuƙin. Don haka tsohuwar mota a mafarki takan zo da mahaifi, ko kawu, ko wani da ya riga mu gidan gaskiya. Ba ƙarfen kaɗai aka ajiye ba.

Wani lokacin ma daga waje ake ƙaro kaya. Janareton maƙwabci na ƙara, kunnenka na ji, sai mafarkin ya mai da shi rurin inji.

Sai maganar birki. Mutane da yawa kan ce sun taka, sun taka, mota ta ƙi tsayawa, ƙafa ta yi nauyi. A zangon REM ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, kuma wasu masana na ganin wannan ɗaurin ne ke kutsowa cikin mafarkin. In ka farka ɗaurin bai sake ka ba, shi ne dannau. Yana da ban tsoro ƙwarai, amma yakan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna.

Malamai sun karantar da mu cewa mafarki iri uku ne: na bushara, na firgitarwar shaiɗan, da na zancen zuci. A ganina, mafi yawan motocin nan a kashi na uku suke, ba sai an tada hankali ana neman fassara ba.

In kana son ka iya tuna motar mafarkinka, kada ka fara da duba waya. Kana farkawa ka kwanta shiru, ka bi ta daga fitila zuwa but, ka rubuta launinta da wanda ke gefenka, domin sinadaran da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ajiye sabon abu sun yi ƙasa a zangon REM, kuma cikin 'yan mintuna yawancin mafarkin zai zube.