Bokan Alƙaluma: Hirarmu da Kawu a Garwa

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Garwa ta arewacin Kamaru muke. In kun ji ƙarar fanka ku yi haƙuri, zafin bana ba sauƙi. Ga Auta, ga Kawu, kuma yau Kawu za mu sa a tsakiya.

Auta: Kawu, Inna cewa take kai bokan gwamnati ne, wai kana faɗin abin da zai faru baɗi.

Kawu: Boka ai zakara ake kai masa, ni ko ƙwai ban taɓa gani ba. Aikina hasashen tattalin arziki na yanki: in duba damina, farashi da kan iyaka, in ce ga inda nake zaton kasuwar arewa ta dosa.

Yaya: Me ya kai ka? Gidanmu fa 'yan tireda ne kaf.

Kawu: Tiredar ce ta kai ni. Ina ɗalibi a Yawunde, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa. An kwanta faran ɗaya na Faransa sefa 50, aka tashi 100. Da na zo hutu na tarar da kakanku zaune a shago, ya sayar da atamfofinsa a tsohon farashi, kuɗin hannunsa ba za su sake cika kanta ba. Ya ce, "Kai da kake karatun kuɗi, ba ka ga wannan tafe ba?" Na rasa ta cewa.

Auta: Kai! Tsoho ya kashe bakinka.

Kawu: Har yau amsar nake nema. Sauran kuma hanyar kowa ce: digirin dakta, ƙaramin malami, rubuce-rubuce, sai gasar CAMES ta neman matsayin farfesa, wadda ake ba ka maudu'i ka shirya darasi ka tsaya gaban manyan farfesoshi. Na rame a shekarar.

Yaya: To amma ba ga babban bankinmu BEAC can a Yawunde ba, ga hukumar ƙididdiga? Me ya rage maka?

Kawu: Yauwa, 'yata. BEAC ƙasashe 6 take kallo, har da Chadi. Alƙaluman ƙasa kuma Duwala da Yawunde sun fi nauyi a ciki. Ga sefa a ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Amma mai albasa a Marwa, da mai shanu da ke tsallako gadar Ngeli daga Chadi zuwa Kuseri, abin da ke motsa su naira ce. Rabin cinikin kan iyaka kuwa ba ya shiga takardar kowa. Yawan jama'a ma, ƙidayar 2005 muka daɗe muna jan ta kamar roba.

Auta: To ina kake samun naka?

Kawu: A ƙafa. Ina da littafi mai baƙin bango, duk ya sha mai. Kowane mako ɗalibaina na zagaya kasuwa: nawa buhun albasa, nawa kwanon masakwa, nawa kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, a bakin titi, nawa 'yan canji ke sayen naira. Da fari korar su ake yi, ana zaton 'yan haraji ne. Sai da muka koyi sayen goro a zauna a gaisa tukuna.

Yaya: Kawu, tsakani da Allah, ka taɓa zubar da garinka?

Kawu: Sosai ma. Na rubuta cewa Najeriya ba za ta cire tallafin mai lokaci guda ba, don na tuna Janairun 2012, da aka cire, zanga-zanga ta sa aka mayar da wani ɓangare. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Kafin mako ya zagayo kwalbar zuwa-zuwa ta tashi, 'yan acaɓa suka ƙara kuɗi.

Auta: Na tuna! Har da ƙafa na riƙa zuwa makaranta.

Kawu: A watan Yuni kuma aka saki naira ta faɗi. Kayan Mubi suka yi mana araha, amma ɗan Najeriya mai zuwa sayen shanunmu kuɗinsa ya yi rauni. Na shiga aji na rubuta hasashena a allo, na ja masa layi, na ce ku nuna mini inda na kauce. Wata yarinya ta ce, "Malam, ka auna sabon shugaba da mudun tsohon." Tun daga nan hanya uku nake bayarwa: in damina ta yi, in ta gaza, in Najeriya ta rufe iyaka kamar 2019.

Auta: To, Kawu, ragon layya fa? In saya yanzu in ɗaure, ko in jira?

Kawu: Kana da kuɗin dusa?

Auta: Babu.

Yaya: Kuɗin ragon ma ni yake jira in ba shi. Kashe na'urar nan, an kira la'asar.