Mai Rabon Tuwo, Liman, da Maigidan Shago

[Hoto: tsakar gida a cikin birnin Zariya, bayan magariba]

Assalamu alaikum, jama'a. Ku biyo ni mu shiga wani gida a cikin birni, can wajen Ƙofar Gayan. Gidan da na tashi ne. An idar da magariba, an sauke tukunyar tuwo, kwanuka sun kai ashirin a jere a ƙasa, Goggo kuma tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno da mara a hannu.

Kwano ashirin, amma da wuya ka ga biyu da aka zuba musu daidai. Kawu mai ciwon suga, an rage masa tuwo an ƙara miya. Yayanmu da ya yini yana dako a kasuwar Sabon Gari, malmala uku. Amaryar da ke laulayi ba ta son warin daddawa, an yi mata tata miyar daban a 'yar tukunya. Almajirin gidan da nasa kwanon. Akwai kuma ɗaya da ake rufewa a ajiye saboda baƙo, ya zo ko bai zo ba. Ita Goggo sai ƙarshe, wata rana ma ƙanzo kawai ke rage mata.

Ina yaro na ɗauka son kai ne. Sai da na girma na fara aiki a ƙarƙashin mutane, daga baya aka ba ni wasu a ƙarƙashina, sannan na gane abin da take yi. Goggo ta san cikin kowa. Ta san wanda zai yi ƙorafi ko ya ƙoshi, ta san mai kunyar da zai kwana da yunwa bai ce uffan ba. Wannan na biyun shi ta fi sa wa ido.

[Hoto: shagon ɗinki a Tudun Wada, gareji a Kwangila, ofis a Samaru]

To mu fito waje. Ko shagon ɗinki ne da kai a Tudun Wada, ko garejin gyaran mota a Kwangila, ko kuwa ke ce shugabar wani sashe a ofis a Samaru, kwanuka ne a gabanku. Rabon aiki rabo ne, rabon hutu rabo ne, haka yabo da faɗa. Yawancinmu mun san ma'aikaci mai baki, shi ake fara ba izinin tafiya biki. Mai shiru kuwa, wanda ba ya musu, shi ake jibga wa aiki har ranar da zai tafi ba sallama, a dawo ana cewa yaran zamani ba su da haƙuri.

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar sananne ne: dukkanku makiyaya ne, kuma kowa abin tambaya ne game da abin kiwonsa. A ciki an ambaci shugaba, an ambaci magidanci, an ambaci mace a gidan mijinta, har da mai hidima a kan dukiyar maigidansa. Duk a jeri ɗaya. Makiyayi kuwa, duk wanda ya taɓa bin garke ya sani, ba da saurin bijimin gaba yake tafiya ba. Idonsa na kan gurguwar da ke baya.

[Hoto: sahun salla]

Wannan darasin muna ganinsa sau biyar a rana, ba mu lura ba. Daga masallacin unguwa har Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ƙa'idar limanci ɗaya ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda zai ja mutane salla ya sassauta, domin a bayansa akwai mai rauni, da mara lafiya, da tsoho. In shi kaɗai yake, ya tsawaita yadda ya so. Lokacin da Mu'azu ɗan Jabal ya ja doguwar sura a sallar isha'i har wani mutum da ya yini yana aiki ya ware ya yi tasa, Mu'azu aka yi wa faɗa. Shi kansa Annabi ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri, ya taƙaita don kada hankalin uwar ya tashi.

Ku duba, salla ce fa, mafi girman aiki. Amma kukan jariri ɗaya ya isa a rage ta. Yaya ke nan ga taron ofis da ake farawa ƙarfe huɗu na yamma, alhali an san akwai mai shayarwa da za ta nemi motar Tudun Wada daga Shika? Yaya ga maigidan da ke riƙe yara a shago har asuba a goman ƙarshe na azumi saboda ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsu? Ƙarfinka naka ne, ba mudun auna kowa ba ne.

Sai batun gyara. Ban taɓa jin Goggo ta tsawata wa matar gida a tsakar gida ba. Sai dai ta ce, “Zo ki taya ni neman wani abu a ɗaki.” Kowa ya san ba wani abu da ya ɓata, amma matar za ta fito da mutuncinta. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko “tir” ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Ni kuwa na taɓa aiki a wani wuri da oga ke jiran sai baƙi sun cika sannan ya kira sunanka ya zazzage ka. Abin da muka koya a wurin ɗaya ne: ɓoye kuskure. Kuskuren da za a gyara da naira ɗari in an faɗa da safe, sai ya kwana ya zama na dubbai. Ayar Suratu Ali Imrana ta 159 ta faɗa wa mafificin halitta cewa da ya kasance mai kaushin hali, mai ƙeƙasasshiyar zuciya, da sun watse sun bar shi. A cikin ayar kuma aka ce ya yafe musu, ya shawarce su. Hausawa suka ce babba juji ne. In ba za ka iya ɗaukar sharar da za a zubo maka ba, ba za a daina sharar ba, ƙarƙashin tabarma za a riƙa tura ta.

[Hoto: yara masu koyon sana'a suna aiki]

Yanzu ga inda ya fi damuna. Akwai maganar da masu gida ke yawan faɗa: “Ai mu nan 'yan gida ɗaya ne.” Magana ce mai daɗi, amma sau da yawa sai ƙarshen wata ake tunawa da ita, lokacin da yaro ya zo maganar kuɗinsa. Sai a ce, haba, tsakanina da kai har sai an yi lissafi? Ɗan gida ne ranar aiki, baƙo ne ranar rabon riba.

A shekarar 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku ƙirga shagunan Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, nawa ne ke da mutum 25? Ke nan yawancin yaran da ke aiki a garin nan ba abin da ya tsaya musu sai tsoron Allah na maigida. Shi ya sa hadisin Ibnu Majah ya zama nasu: ku ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Haka wanda aka faɗa wa Abu Zarri game da masu hidima: 'yan'uwanku ne, ku ciyar da su abin da kuke ci, ku tufatar da su abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora to ku taimaka musu. In 'yan'uwantaka ake so, ga sharuɗɗanta nan, kuma duk a wuyan babba suke.

Gida na gaskiya kuma yana yaye ɗa. Uwar da ta ƙi yaye yaro ba ƙauna ta nuna masa ba. Amma za ka ga saurayi ya shekara bakwai a shago, ya iya yanka, ya iya aiki a wuyan riga, masu kawo ɗinki ma shi suke nema, maigida kuwa ko zancen sallamarsa ba ya so a yi.

Na halarci yayen wani yaro a Tudun Wada bara. Tun ranar da mahaifinsa ya kawo shi, maigidan ya sa aka rubuta a takarda: shekara huɗu, abincin rana, kuɗin mota, da wani abu da za a riƙa ajiye masa daga kowane ɗinkin da ya gama da hannunsa. Ranar yayen aka kira mahaifin da limamin unguwa, aka fito da littafin ajiya aka karanta a gaban kowa. Kuɗin suka sayi keke da almakashi da dutsen guga. Maigidan ya ɗauko sunayen mutum biyar daga cikin masu kawo masa ɗinki ya ce, “Waɗannan hannunka suka saba da shi, na gaya musu su bi ka.” Yaron ya durƙusa ya ce, “Baba, Allah ya saka da alheri,” muryarsa na rawa. Shagonsa yana layi na biyu daga na maigidan, kuma har yau in ɗinkin salla ya yi wa ɗayansu yawa, sai ya aika wa ɗayan.