Amsoshin Tambayoyinku: Shin Haƙar Mai Na Jawo Girgizar Ƙasa?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan batu guda, lokaci kuma ya yi mana kaɗan.

Wani manomi daga Ringim yana tambaya ko bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano zai iya girgiza ƙasa. A'a, malam, bututu jigila kawai yake yi, kuma ba a binne shi da zurfi.

Wata baiwar Allah daga Kafin Hausa ta ce maigidanta zai haƙa rijiyar burtsatse domin noman rani, ita kuma tsoro ya kama ta. Haba Hajiya, ki bar bawan Allah ya haƙa rijiyarsa, domin zurfinta bai kusanci inda ake wannan magana ba.

Tambayar da ta fi yawa ta fito ne daga Gwaram da Birnin Kudu, maƙwabtan Bauchi. Sun ce tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, suke jin ana cewa haƙar mai na jawo girgizar ƙasa. Malam baƙonmu, kai ne masanin duwatsu, me za ka ce musu?

"To, ai duwatsu iri-iri ne, wanda ke ƙarƙashin Kano daban, na yankin Gongola daban, kuma idan muka koma tarihin yadda suka samu..."

Gafarta malam, a bar tarihin zuwa wani mako. Yana jawowa ko ba ya jawowa?

"Yana iya jawowa, amma a wurare ƙalilan. Mai yakan fito tare da ruwan gishiri mai yawa, sai kamfani ya ɗura ruwan a wata rijiya mai zurfin fiye da kilomita guda. Idan akwai tsohuwar tsaga a dutsen da ke ƙasa, matsin ruwan sai ya sassauta ta, ta zame. A jihar Oklahoma ta Amurka, girgizar da ta kai maki 3 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa ba ta wuce kamar 2 a shekara ba kafin 2009, amma a 2015 an ƙidaya kusan 900, sannan a 2016 aka yi mai maki 5.8 a Pawnee. Da hukuma ta tilasta rage ɗura ruwan, sai adadin ya sauka. A Groningen ta ƙasar Holan kuwa, zuƙe gas ne ya sa dutsen ya lotsa, gidaje suka yi ta tsagewa, musamman bayan girgizar 2012 mai maki 3.6, har aka dakatar da haƙar a 2023."

Bari in maimaita, domin mutanen Gwaram su ji da kyau. Abu biyu ne ke jawo ta, wato ɗura ruwa can ƙasa da ƙarfi, ko zuƙe gas mai yawa shekara da shekaru, kuma sai an dace da tsaga a wurin. Yawancin rijiyoyin mai na duniya ba su taɓa girgiza kowa ba. Saboda haka masu tura saƙonnin tsoratarwa a WhatsApp, don Allah ku daina tayar wa tsofaffi da hankali.

Duk da haka ni ina da ra'ayi. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape ta Abuja a 2018, kuma ba a haƙar mai a ko ɗaya daga cikinsu. Idan ba a girke na'urorin auna girgiza ba tun kafin aiki ya kankama, ranar da ɗakin wani ya tsage kamfani zai ce ƙasa ce ta motsa da kanta, talaka kuma ba shi da hujja. A Ingila an sa dokar cewa da zarar na'ura ta nuna maki 0.5, wanda mutum ba ya ma jinsa, sai a tsayar da aikin fasa dutse da matsin ruwa domin fito da gas. Muna da cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Toro, cikin jihar Bauchin kanta, kuma ya kamata a ƙara mata na'urori a kewayen Kolmani, a riƙa bayyana wa jama'a abin da suka auna.

Mai tambaya daga Sumaila kan rijiyoyin da ke ƙafewa, ka yi haƙuri, da wasiƙarka za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.